Tukunyar Malam Maiwada

Na Ummuhani Malikanchi

Shafi na 31

Da sunan Allah na sake ɗaukar alƙalami. Masu cika min waya da "ina ci gaba, ina ci gaba", na ji ku, kwana biyu ba wuta a unguwarmu ne. Ke kuma Lubna da kika ce Mukarrama ta cika son aikinta har ba ta ganin mutane, na so in yi miki gardama, sai na zauna rubuta shafin yau na ga bakina ya mutu.

*

Bakwai da 'yan mintuna Mukarrama ta sauka daga mashin a ƙofar gidan marigayi Malam Maiwada, can bayan Gazara inda gonakin rake suka fara. Da gangan ta riga motocin masu fim isowa.

Shekara huɗu ke nan tana aiki a ofishin nan mai ɗaki ɗaya a Makarfi, wanda aka buɗe don ya jawo masu shirya fim su zo Ikara da Makarfi da Kudan, a nemo musu wurin ɗauka, a samo musu izini, a cusa matasan gari cikin aikin. Shekara huɗu tana yawo da waya tana ɗaukar hoton fadamu da kasuwanni da tsofaffin zauruka tana tura wa daraktoci. Su ce "ma sha Allah, za mu duba", su bi ta kan titi su wuce abinsu. Sai bana Allah ya kawo Huzaifa, wani darakta daga Kano. Ya ga hoton wurin dafa mazarƙwailar gidan nan, ya ce shi nan yake so, in ba nan ba ya fasa.

Kwamitin da ke riƙe da ofishin kuwa ya gama magana. Ranar Alhamis za a zauna a Hunkuyi, in har ba a fara ɗaukar fim ko ɗaya ba, a kulle ofis a ba masu rabon taki ɗakin. Yau Talata.

Ta tarar an share fili fes. Injin matsar rake yana ta kuka, an hura wuta a ƙarƙashin babbar tukunya, ruwan rake ya fara kumfa. Ja'afar, babban ɗan gidan, yana tura rake cikin injin. Ta gaishe shi, ya amsa bai ɗago ba. A gindin mangwaro ga ƙoren fura uku an rufe da faifai, na baƙi.

Har zuciyarta ta yi sanyi, sai idonta ya faɗa kan ƙullin kaya a bakin zaure. Inna Hajo, matar marigayin, tana zaune kusa da shi da mayafinta da takalmin fita.

Mukarrama ta durƙusa.

"Inna, ina kwana?"

"Lafiya lau 'yar nan. Kin tashi lafiya? Ya mutan Makarfi?"

"Suna gaishe ki. Ya ƙafar?"

"Da sauƙi, alhamdulillahi. Ya hanya?"

"Lafiya ƙalau. Inna, tafiya za ki yi?"

"Kudan zan leƙa wajen Zubaida. In kun gama na dawo."

"Kwana arba'in fa za a yi ana aikin."

"Na ji ai."

Mukarrama ta sake duban ƙullin kayan. Ita ba 'yar ƙauye ba ce, amma ta san babu tsohuwar da ke barin gidanta kwana arba'in ana tsakiyar matsar rake don kawai ta leƙa 'yarta.

"Inna, wani abu muka yi?"

"Me za ku yi? Ga fura can, ga wuta an hura, Ja'afar zai yi muku duk abin da kuka ce."

"To me ya sa za ki tafi?"

"Idona ne ba ya son gani."

"Amma Inna, kin yarda. Ranar da muka zo da bakinki kika ce to."

Tsohuwar ta ɗago ta dube ta. Ba faɗa a fuskarta, ba komai, kuma wannan ya fi faɗan ciwo.

"Na ce to. Da wa kika zo?"

"Da mai unguwa."

"Mai unguwa ya tako da ƙafarsa, ya cire takalmi, ya zauna kan tabarmata, ya ce Hajo alfarma muka zo nema, ci gaban gari ne. Ke kina gefensa da takarda da biro. Ki gaya min 'yar nan, a gabansa me kike so in ce?"



Haka aka koya wa Mukarrama aikin. Tun ranar da ta fara, Alhaji Jumare, shugaban ofishin, mutumin da ya ɗauko ta daga shagon buga takardu ya koya mata komai, ya ce da ita, "Kada ki taɓa shiga gidan mutane neman izini ke kaɗai. Ki shiga da mai unguwa." Ita ladabi ta ɗauke shi. Gida tamanin da wani abu ta shiga haka tana tanadin wuraren da za ta nuna wa masu fim, ba wanda ya taɓa ce mata a'a, har tana faɗa wa daraktoci da alfahari cewa mutanenmu ba su da matsala. Bai taɓa zuwa mata a rai ta tambayi kanta ba, ta yaya za a yi gida tamanin a rasa ko ɗaya mai ƙi.

"Zauna sosai," in ji Inna Hajo. "Tunda kin tambaya."

Ta zame ta zauna a ƙasa.

"Ba ku kuka fara zuwa ba. Shekara ashirin da ɗaya ke nan, lokacin kaset, wasu suka zo. Su ma da mai unguwa, uban wannan na yanzu. Lokacin doki ke juya mana matsa, ba inji. Malam ya yanka musu kaji huɗu. Ya bar musu turakarsa ya koma zaure. Kwana biyu suka yi."

"Fim suka ɗauka?"

"Ban san me suka ɗauka ba, can cikin gona suka yi ta guje-gujensu. Ranar da za su tafi sai suka ce Baba, zo ka juya tukunyarka mu ɗauke ka, duniya ta ga sana'arka. Ya sa rigarsa ta Juma'a. Suka ce a'a, cire, yadda ka saba. Ya cire. Ya ɗauki ludayinsa yana juyawa, suka ce ɗaga sama ka zubo, ya ɗaga ya zubo. Suka ce yi dariya. Malam ba mai dariyar banza ba ne, sai wani saurayi a cikinsu ya yi ta ba shi labarin ban dariya har ya ƙyalƙyale."

Ta ɗan murmusa.

"Ni ma ina leƙe ta katanga ina dariya. Na ce yau Malam ya zama ɗan birni."

"Bai tambaye su labarin fim ɗin ba?"

"Baƙonsa zai tsare da tambaya? Baƙon da ya ci tuwonsa?"

Injin ya yi tari ya mutu. Ja'afar ne ya kashe shi. Ya tsaya can da guntun rake a hannu, bayansa a wajensu, amma ka san kunnensa yana nan.

"Bayan wata huɗu kaset ya fito. Wancan da kike gani, yana ɗan shekara sha biyar, shi ya fara gani a gidan kallo ranar kasuwar Makarfi. Ya dawo gida a guje ko takalmi babu."

"Me ya gani?"

"Ubansa. Ba riga, yana juya tukunya. An sa hayaƙi kore yana tashi. An mai da idonsa ja. An ɗora masa muryar wani ƙato yana kiran aljanu. Boka, 'yar nan. Boka mai dafa asirin da za a haukata marainiya. Ya ɗaga ludayi ya zubo, ya ƙyalƙyale da dariya. Dariyar ce kawai tasa. Ita ba su canza ba."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

"Malam shi ne ladanin masallacinmu, shekara goma sha bakwai. Ba wanda ya ce masa komai fa. Kowa ya san ƙarya ce, kowa ya san mazarƙwaila yake juyawa. Amma yara suka samu waƙa. A kasuwa aka fara cewa ta gidan boka, ana dariya, wasa wasa har masu sari suka daina tsayawa a gabansa. Sai mun ba maƙwabci ya kai da sunansa. Wata rana da la'asar ya fita zai kira salla, ya tarar wani ya riga shi. Washegari ma haka. Bai tambaya ba, su ma ba su yi bayani ba."

"Bai kai ƙara ba?"

"Ya ce ƙarar wa? Ni na ce musu bismillah, ni na cire rigar da hannuna. Shekara tara ya ƙara a duniya, bai sake taɓa ludayin nan ba. Ga shi can rataye a zaure."

Hawaye ya zubo wa Mukarrama, ta sa bakin mayafi ta goge. Kunya ce ta fi yawa a ciki. Sau shida tana zuwa gidan nan, ta auna faɗin fili, ta duba inda rana ke faɗuwa, ta ƙirga inda motoci za su tsaya, ta san har ramin da janareta zai zauna. Ba ta taɓa tambayar ludayin wane ne a zaure ba.

"Inna, wallahi wannan ba irin wancan ba ne. Na karanta labarin tun daga farko har ƙarshe. Labarin manoma ne, babu boka, babu cin mutunci."

"Na yarda kin karanta. Shi ma Malam ai da idonsa ya ga abin da aka ɗauka. Abin da aka yi mana ba a nan aka yi shi ba. Can aka yi shi, a wani ɗaki da ba mu san ƙofarsa ba. Ke za ki bi su ɗakin?"

Mukarrama ta dubi jakarta. Takardar izinin ofishinsu shafi biyu ce, ta san ta kamar karatun salla. Akwai maganar shara, akwai maganar kada a taka shuka, akwai lokacin tashi. Babu layi ɗaya a kan abin da za a yi da fuskar mutum bayan an tafi da ita.

"Waɗanne mutane ne, Inna? Kin riƙe sunan kamfanin?"

"Ina na san kamfani. Wanda ya kawo su dai na riƙe. Dogo, mai tabo a girar hagu. Shi ne mai ba da labarin ban dariyar."

Mukarrama ta san mai tabon nan, kullum tana ganin sa a ofis.

"Ranar da kika zo da mai unguwa," in ji tsohuwar a hankali, "da za ku tashi kika ce ogana yana gaishe ki. Kika faɗi sunansa."

"Inna..."

"Na amsa gaisuwar ai."

Nan take abubuwa suka fara dawo mata. Ranar da ta fara nuna wa Alhaji Jumare hoton gidan nan, ya daɗe yana kallo, ya ce hanyar ba ta da kyau, ta nemi wani wuri wajen Malikanchi. Da Huzaifa ya kafe, sai Alhajin ya bar maganar. Duk zuwan da ta yi sai ya sami uzuri, yau ciwon baya, gobe taro. Mutumin da ba ya barin ta je ko'ina ba tare da ya leƙa da kansa ba.

Ba ta gama wannan tunanin ba ta ji ƙugin motoci.

Bas biyu da ƙaramar mota ɗaya suka tsaya a bakin fili. Matasa suka fara dirowa, ana hayaniya, ana miƙa. Huzaifa ya fito yana waya, yana nuna wa mai kyamara hayaƙin tukunya da hannu ɗaya, murna har kunne. Daga ƙaramar motar Alhaji Jumare ya fito a ƙarshe. Dole ce ta kawo shi, shugaban ofis ne ke buɗe aiki da addu'a.

Inna Hajo ta gyara mayafi.

"Ja'afar, shimfiɗa musu tabarma. A kai musu ruwa."

"Inna!" Karo na farko ke nan da Ja'afar ya ɗaga murya.

"Baƙi ne. A kai musu ruwa."

Alhaji Jumare ya tako a hankali kamar mai tafiya cikin ƙaya. Tun daga nesa ya cire takalmi. Ya durƙusa, gwiwa biyu a ƙasa, da babbar rigarsa da komai.

"Inna, barka da asuba."

"Barka kadai. Ka zo lafiya?"

"Lafiya lau."

"Ya iyali?"

"Alhamdulillahi. Ya... ya haƙuri?"

"Haƙuri ya tsufa, Jumare. Shekara goma sha biyu."

Mukarrama ta kasa daurewa. Mutumin nan shi ya saya mata wayar farko da ta fara ɗaukar hoto, shi ya je har gidansu ya roƙi mahaifinta ya bar ta ta yi aikin. Tana son ta ji wani abu da za ta riƙe.

"Yallaɓai, ka gaya mata. Kai wuri kawai ka nuna musu, ko? Masu haɗa hoto ne suka yi, kai ba ka sani ba. Ka gaya mata."

Bai dube ta ba.

"Na sani."

"Yallaɓai..."

"Ina cikin ɗakin. Wanda zai fito a boka ya yi fushi ya tafi, fim ya tsaya saura wannan fitowar kaɗai. Darakta ya rasa yadda zai yi. Ni na ce, akwai tsohon nan mai tukunya." Ya sunkuyar da kai. "Ni na ce a sa hayaƙin. Har tafa min aka yi."

Wata ƙara ta fito daga maƙogwaron Ja'afar. Inna Hajo ta ɗaga masa hannu ba tare da ta waiwaya ba, ya tsaya inda yake yana huci.

"Ban san zai kai haka ba, Inna. Na ɗauka ƙauye ne, wa zai gani. Da labari ya iso ni na bar harkar shekara shida. Abin da ya sa na yi ta bin mutane har aka buɗe ofishin nan ke nan, don kada a sake shiga gidan wani a yi masa haka."

"Shi ne ka koya min in shiga da mai unguwa?"

Maganar ta fito wa Mukarrama ba shiri. Sai yanzu ya ɗago ya dube ta, idonsa ya kaɗa.

"Ita kaɗai ce hanyar da na iya, Mukarrama."

Ni mai rubutun nan, wallahi a nan na ajiye waya na ɗan zagaya tsakar gida. Don na san irinsa da yawa. Mutum ya tuba da gaske, ya yi kuka da gaske, amma hannunsa bai san wani aiki ba sai wanda ya saba.

Huzaifa ya ƙaraso yana duba agogo, bai san wainar da ake toyawa ba.

"Sannu Inna, mun same ku lafiya? Hajiya Mukarrama, hasken nan fa ba zai jira mu ba. Ina takardar? In kin miƙo min sai mu sauke kaya. Mai unguwa ma ya ce yana hanya."

Takardar tana cikin jakarta, da sa hannun mai unguwa, da dangwalen yatsan Inna Hajo, da hatimin ofis. Ba abin da ya rage. In ta so, ta miƙa kawai, a kunna kyamara, ranar Alhamis ta shiga Hunkuyi da kanta a sama. Tsohuwa kuma ta hau mashin ta tafi Kudan, ba za ta ce uffan ba har ta mutu.

Ta ciro ta. Huzaifa ya miƙo hannu.

Ta wuce shi.

Ta taka har bakin murhu, ta sunkuya, ta tura takardar cikin wutar da ke ƙarƙashin tukunya. Busasshen ɓawon rake ne makamashin, ko ƙiftawa ba a yi ba ta zama toka.

"Ke! Lafiyarki kuwa?" Huzaifa ya dafe kai. "Mutum talatin na ɗebo daga Kano!"

Ba ta kula shi ba. Ta dawo ta durƙusa a gaban tsohuwar.

"Inna, babu takarda yanzu. Mai unguwa bai iso ba. Ni ce kawai, kamar 'yar cikinki, nake tambaya. Kin yarda a yi fim a gidanki?"



"Da gaske kike tambaya?"

"Da gaske."

"In na ce a'a?"

"Su juya."

"Ofishin naku fa? Na ji an ce jibi za a kulle."

"A kulle."

Fili ya yi tsit. Har matasan da ke wajen bas sun daina surutu. Ba ka jin komai sai ruwan rake yana tafasa.

Tsohuwar ta dafa bango ta miƙe. Ba ta ɗauki ƙullin kayanta ba. Ta shiga zaure, aka ji tana taɓa wani abu a jikin bango, ta fito riƙe da dogon ludayi, ƙotarsa ta yi baƙi, yanar gizo-gizo tana lilo a bakinsa. Ta goge shi da gefen zaninta, a hankali, ciki da waje.

Ta tsaya a kan Alhaji Jumare.

"Kai darakta, kunna abin ɗaukar naka."

Huzaifa ya dubi Mukarrama, ya dubi mai kyamara.

Ta miƙa wa Jumare ludayin.

"Tashi. Cire rigar. Ka juya, ka ɗaga sama ka zubo, ka yi dariya. In ka iya dariyar, sai in ba yarinyar nan amsarta."